Allurar Kangon Bayan Gida

Zuwairatu mai ƙuli-ƙuli ce a Batsari. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana matsar man gyaɗa a gidan da mijinta ya rasu ya bar mata. Bayan katangarta akwai wani kango, ta nan take yanke hanya in za ta kai gyaɗa inji. Ranar wata Talata da hantsi, tana ɗauke da daro a ka, sai ta ji wani abu ya huda silifa ya shige tafin ƙafarta. Ta sauke daron, ta zauna a ƙasa ta zare abin. Allura ce da sirinjinta, jini ya bushe a ciki har ya yi baƙi.

Da ta dubi gefenta sai ta ga ruwan da aka yi jiya ya tone wani rami ya baje abin da ke cikinsa: sirinji ba iyaka, ledojin ƙarin ruwa, auduga mai jini, fasassun kwalabe. Ba sai an gaya mata mai su ba. Kemis ɗaya ne a layin, na Ikrima, kuma ƙofarsa ta baya kangon take kallo.

A asibiti aka wanke ciwon, aka yi mata allura, aka ɗibi jininta. Ma'aikaciyar ta ce sai ta dawo an sake gwaji, domin akwai cututtukan da ba sa nunawa da wuri. Wannan maganar ta fi ciwon ƙafar cin ranta. Ita da ko zazzaɓi ba ya kwantar da ita, yau ana yi mata zancen cutar wani da ba ta taɓa gani ba.

Tana dawowa ta ɗauki awartaki da wani babban gwangwani, ta tsince allurai har ya kusa cika, ta ɗingisa zuwa kemis ɗin. Da fari Ikrima ya ce ba nasa ba ne. Da ta nuna masa ƙofar bayan, sai ya sauya baki, ya ce ai kowa nan yake zubar da shara.

"Inna, ki yi haƙuri, tsautsayi ne," in ji shi. "Zauna in sa miki bandeji."

"Tsautsayin ne ya haƙa ramin, ko kai?" ta tambaye shi. Ya juya yana sallamar wani.

Ta je wurin mai unguwa, ya jajanta mata, ya ce zai yi masa magana. Kwana takwas shiru. A rana ta tara ta leƙa kangon ta tarar an zuba sababbi, an barbaɗa musu yashi a kai. Nan ta tsaya tana huci, tana kallon sawun awaki da na mutane a kan yashin. Ƙanenta Sada ya zo har gida ya ce ta bar maganar, kai maƙwabci ƙara abin kunya ne, kuma Ikrima ne ke tashi wa kowa in ciwo ya kama. Ta ce ita ma maƙwabciya ce, ina kunyar da aka ji mata?

Malama Sumayya, wata malamar firamare 'yar Safana da ke sayen mai a wurinta, ita ta nuna mata hanya. Ta ce wannan aikin dubagari ne, a sashen lafiya ake samunsu, kuma kada ta je hannu sake. Suka zaga kangon tare, Sumayya ta ɗauki hotuna da wayarta, ta rubuta mata ranar da ta taka allurar da ranar da aka zuba sababbin.

Dubagarin da Zuwairatu ta samu Malam Tayyib ne, wani siririn dattijo mai tabarau. Da ta buɗe gwangwanin a kan teburinsa ya ja kujera baya, ya ce bai kamata ta ɗauko da kanta ba, tana iya sake sokewa.

"Malam, na gaji da a ce mini ba a gani ba," ta ce. "To ga su nan."

Ya ɗauko littafi ya shiga tambayarta ɗaya bayan ɗaya: wane layi, tun yaushe, wa ta fara gaya wa, akwai rijiya kusa? Akwai, tata ce, taku ashirin daga ramin. Jin haka ya ɗago kai ya cire tabarau.

Bayan kwana biyu ya zo da mutum biyu masu safar hannu da takalman roba. Rabin yini suka yi suna tono, suka cika buhu huɗu aka tafi da su inda ake ƙona irin wannan shara. Ya ba Ikrima takarda a gaban jama'a, ya ce ya tanadi kwalin zuba allurai, zai dawo ba tare da sanarwa ba, in ya sake gani kotu ce. Rijiyar kuwa ya ce a daina sha sai an duba ruwanta.

Zuwairatu ta ɗauka mutanen layin za su ji daɗi. Wasu sun ji, amma a ɓoye suka gaya mata. A wurin wani suna uwar Ikrima ta ƙi amsa gaisuwarta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji wai akwai masu son ganin bayan ɗan mutane. Zuwairatu ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Yaya, ɗanki yana nan lafiya a shagonsa," ta ce. "Ni ce nake sayen ruwa a baro alhali ga rijiya a gidana."

Ta ɗauki mayafinta ta fito tun kafin a raba abinci. Sada kuwa bai sake taka gidanta ba sai da Sallah, ita ma ba ta aika nemansa ba.