Kwalba Ɗaya da Ta Rage wa Hillie

"Rufe bakinka, Lammert. Numfashinka ma ƙazanta ne."

Na rufe. Shekarata saba'in da ɗaya, kuma tunda nake ba wanda ya taɓa hana ni magana sai wannan matar. Muna kicin ɗin Hillie, maƙwabciyata, hannuwana biyu a cikin wani akwatin gilashi da ta goge da sifirit, ina riƙe da hantsaki da 'yar aska. A gabana kwalba ce guda, cikinta tsiron arnika a cunkushe kan wani daskararren kunu mai kama da kamu.

"Yanka nan, ƙasan ganyen. Ba kofaton saniya kake gyarawa ba, maƙwabci."

Hillie ta yi shekara talatin da biyar a ɗakin binciken wani kamfanin furanni, tana yanka tsiro ɗaya ya zama dubu a cikin kwalabe. Da ta bar aiki sai ta koma kan arnika, furen nan rawaya da uwarta ke jiƙawa a mai, duk ƙauyenmu muna shafawa a targaɗe da kumburi. A da ya cika jigawar bayan gari. Da aka nome jigawar aka zuba dankali, Hillie ta tsinto ɗan abin da ya tsira a bakin hanya ta kawo gida.

Ni na jawo kwalba ɗaya ta rage, gara in faɗa da bakina. Da aka kwantar da ita asibiti ta bar mini tsiro arba'in, ta ce in dasa a bayan gidanta. Na duba wurin na ga rairayi ne fari fat. Ni da na yi rayuwata ina kiwon shanu, ina zan iya kallon wannan? Na turo baro uku na taki mai kyau, wanda ya shekara yana ruɓewa, na juye musu. Kafin ta dawo duk sun yi baƙi sun kwanta.

"Kashe su ka yi da alheri," ta ce. "Wannan tsiron talaka ne, in ya ƙoshi mutuwa yake."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi a rumbun ciyawa. Ga shi likita ya ce wata shida suka rage mata, hannunta kuma ya soma rawa. A nan yankinmu na Drenthe maƙwabcin kusa shi ke ɗaukar akwatin gawa, shi ke yin duk abin da ya gagari mai gida. Shi ya sa waɗannan yatsun nawa masu kaurin ƙotar fartanya suka shiga akwatin gilashi.

Ranar na yanka shida. Biyu fumfuna ta cinye, wai don na yi atishawa. Huɗu suka kama. Duk bayan mako huɗu sai mu dafa sabon kunu da kwalabe a tukunyar tururi, in sake rarraba su, ita tana zaune a kujera mai taya da bargo a gwiwa, tana zagina hankali kwance. Sai an mayar da murfi take cewa, "To, yi magana." Nan fa nake sauke duk abin da na tara, daga farashin madara har gulmar fasto.

Da suka yi saiwa ta koya mini buɗe murfi kaɗan-kaɗan, yau faɗin farce, gobe faɗin yatsa, har su saba da iskar duniya. Watan Mayu na dasa talatin da biyu a cikin rairayin da na ɗebo daga gefen jigawa da keke. Hannuna na ƙaiƙayi, amma ko ƙwayar taki ban sa ba.

Shekarar ganye kawai suka yi, shimfiɗe a ƙasa. Wata shidan likita kuwa tuni sun wuce. Da ya zo duba ta ya yi mamaki, sai ta nuna ni da haɓa.

"In mutu in bar su da wannan? Ina rufe ido zai turo baro."

Hunturu ya zo da ƙanƙara, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Muka jawo gadonta bakin tagar baya, ba labule, yadda za ta riƙa ganin wurin. Kullum da safe nakan kai mata kofi, ta kurɓa sau biyu ta ajiye, ta tambaye ni ko sun motsa. Tsoro ya kama ni sosai a watannin nan, don na san in ta tafi ba su fito ba, ni na hana ta gani.

Ranar sha ɗaya ga Yuni, da hantsi, na zagayo da kofin na tarar fure uku sun buɗe. Rawaya mai haske, kunnuwan furen a hargitse kamar kan wanda ya tashi daga barci. Ban san inda na yar da kofin ba. Na ɗauke ta cak da bargonta, ba ta fi ɗan maraƙi nauyi ba, na zaunar da ita a bakin kunyar da na dasa su. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina yatsunta, ta daɗe a haka.

"Ƙamshin hannun Mama," ta ce. Sai ta ɗago ta dube ni. "Yi magana mana, Lammert. Ba kwalba a buɗe."

Na kasa. Ta yi dariya har da tari.

"Ashe an gama da kai. Ka iya, maƙwabci. Ka fi rabin waɗanda na koya wa a kamfani."

Kwana tara ta ƙara, kuma kafin nan ashirin da shida sun yi fure, ita ta ƙirga da kanta ta taga. Mu shida muka ɗauki akwatinta, ina gaba ta dama, kafin a rufe shi kuwa na sa mata fure uku a hannu.

Ranar Litinin mako huɗu suka cika, lokacin sake rarraba waɗanda muka bari a kwalba. Na shiga kicin ɗinta, na goge akwatin gilashin, na wanke hannu har gwiwa. Kujerar na nan inda take, bargon a ninke a kai. Ta taga ƙudan zuma na ta kai-kawo a kan rawayan. Na rufe bakina, na buɗe kwalba.