Hannun Bappa Bobboyi

Sau uku Malam Manasseh yana shiga gudun fanfalaki na kilomita ashirin da ɗaya, wanda ake tashi daga Jimeta a zaga ta Yola a dawo, kuma sau uku yana komawa gida da takardar shaida mai ɗauke da lokacin da ya haura awa biyu. Shi kuwa abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. A rubuta masa awa ɗaya da 'yan kai, ko da minti hamsin da tara ne, ya sa a firam ya rataye a falo, ya huta.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Jimeta, shekararsa arba'in da tara. Hawan jini ne ya jefa shi harkar: likita ya ce ya rage gishiri, ya dinga motsa jiki. Rage gishiri dai ya gagara, amma gudu ya shiga jininsa. Ya yi na kilomita biyar, ya yi na goma, ya tara riguna masu tambarin kamfanoni har matarsa Keturah ta fara goge tebur da su. Dogon ne kawai ya ƙi shi.

Shekarar farko, babban baƙon da zai ɗaga tuta bai iso ba sai takwas da rabi, alhali an ce shida. Wanda ya san ranar Yola ya san abin da takwas da rabi take nufi. Manasseh ya iso kamar kifin da aka shanya, awa biyu da minti goma sha tara. Shekara ta biyu ruwan leda ya ƙare kafin irinsu na baya su kai teburin farko, domin 'yan kallo ma suna jin ƙishirwa. Waɗannan duk ya haɗiye su, tunda akwai wanda zai zaga ya ji sanyi. Ta ukun ce ta tsaya masa a maƙogwaro, don ba shi da bakin zagin kowa. Bappa Bobboyi ne.

Bappa Bobboyi tsohon tela ne a unguwar Yolde Pate da ke Yola. Lokacin da Manasseh ya zo karatu daga Ganye yana ɗan shekara goma sha bakwai, bai san kowa ba, shi ya ba shi ɗakin zaure har shekara huɗu. Shi ke tada shi ran Lahadi kada ya makara coci, kuma shi ya shiga gaba da aka je neman auren Keturah. Yanzu ƙafa ta hana shi yawo. Kullum da safe yana kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, a bakin titi. Wanda ya zana hanyar gudun kuwa, Allah Ya shirye shi, ta nan ya bi da ita, daidai kilomita na goma sha biyu.

To, a shekara talatin da biyu Manasseh bai taɓa wuce Bappa a tsaye ba. Bara ma haka aka yi. Ya ratse, ya durƙusa yana haki, a zatonsa sannu ɗaya ya tashi. Ina! Gaisuwar Bappa ba a yanke ta. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi Keturah, ya bi yara kowa da sunansa, ya gangara Ganye ya tambayi damina. Masu gudu suna ta wucewa fuu, Manasseh yana ta amsa “jam, jam,” wato lafiya da Fillanci, idonsa na kan agogo. Minti huɗu cur. Da ya miƙe ƙafafun sun riga sun yi sanyi, awa biyu da minti uku aka rubuta masa.

Malam Ephraim, mai koyar da kimiyya a makarantarsu, wanda ya taɓa yin awa ɗaya da hamsin da takwas ya manna takardar a ofishin malamai, bai bar maganar ta mutu ba. Duk safiya sai ya ce, “Manasseh, yaya gajiya? Yaya yara? Kar ka amsa, za ka makara.” Ana dariya, shi ma ya yi yaƙe, amma abin yana cin sa ƙwarai.

Bana kuma gwiwar hagu ta fara kumburi. Likita ya danna, ya girgiza kai, ya ce in ma dole sai ya yi, wannan ya zama na ƙarshe a dogon gudu. Saboda haka ana gobe gudu, da la'asar, Manasseh ya sayi goro ya nufi Yolde Pate. Sai da gaisuwa ta ƙare don kanta, sannan ya fara kewaye-kewaye.

“Bappa, gobe za mu sake bi ta nan da gudu.”

“Na ji. Allah ba da sa'a. Me za a ba wanda ya ci?”

“Ni ba ci nake nema ba, lokaci nake nema. In na tsaya, agogo ba ya tsayawa.” Ya sunkuyar da kai. “Roƙo na zo yi. In na zo wucewa in ɗaga hannu kawai, da yamma in dawo in gaishe ka da kyau.”

Tsohon ya dube shi. “Wato bara ni na ɓata maka.”

“A'a, Bappa, ba haka ba ne.”

“Ni ne. Keturah ya faɗa mini.” Ya gyaɗa kai. “Je ka, ɗana. Gobe ba zan tsayar da kai ba, na yi alkawari.”

Manasseh ya koma gida kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Washegari abin mamaki ya faru: babban baƙo ya aiko wakili, wakilin kuma yana sauri. Kafin a tashi, sakatariyar kwamitin gudu, Hilda, wadda ta taɓa zama ɗalibarsa, ta ɗauki lasifika ta ja kunnen kowa. Ta ce shekarun baya an sha kama masu hawa keke napep su sauka kusa da ƙarshe suna hakin ƙarya, don haka bana an baza masu sa ido da waya a hanya. Duk wanda aka gani ya raɓi keke ko mota an cire shi, babu roƙo. Manasseh har tafi ya yi.

Shida da kwata aka tashi. Gari da ɗan hadari, ruwa a kowane teburi, gwiwa shiru. A kilomita na goma agogonsa ya nuna minti hamsin da biyar, daidai yadda ya lissafa a bayan rajistar aji. Da ya doshi Yolde Pate ya shirya hannun da zai ɗaga. Tabarma na nan, buta na nan, Bappa babu. Ya ce a ransa dattijo ya shige gida ne don kada ya sa shi jin nauyi, har ƙwalla ta so zo masa.

Bai yi taku ɗari ba ya ji ƙarar keke a gefensa, yana tafiya daidai da shi, bai wuce ba bai koma baya ba.

“Manasseh! An kwana lafiya?”

Ya waiwaya. Bappa Bobboyi ne a kujerar baya, cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a, sanda tsakanin ƙafafu, maƙwabcinsa Nuruddeen yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Fuskar tsohon cike da murna. “Kar ka tsaya! Yi ta gudunka!” in ji shi. Sannan ya miƙo hannu.

A nan wani zai ce me ya hana shi ƙin karɓa. Mai faɗin haka bai tashi a Yola ba. Kafin Manasseh ya tuna da lasifikar Hilda, hannunsa na dama na cikin tafin Bappa, na hagu ya tallafo shi yadda aka saba, ya ɗan rusuna, yana gudu a karkace. Babba ne ke sakin hannu, ba ƙarami ba. Bappa kuwa ba ya saki sai ya gama.

“Yaya gajiya?”

“Jam.”

“Keturah?”

“Jam, Bappa.”

“Debbie ya samu makarantan?”

“Ta samu… jam.”

“Gabriel fa, tarin nan ya sake shi?”

Haka suka yi kusan mita ɗari uku, sai da Nuruddeen ya kauce wa wani rami hannuwan suka rabu. Manasseh ya zura da gudu bai waiwaya ba. A kilomita ukun ƙarshe gwiwar ta tashi, kamar ana soka masa ƙusa, ya cije ya ƙi tsayawa. Ya ƙeta layi, ya danna agogo: awa ɗaya da minti hamsin da bakwai. Ya fi Ephraim da minti guda. Ya zube a ƙasa yana dariya shi kaɗai.

A teburin karɓar takarda Hilda ta ƙi haɗa ido da shi. Waya kawai ta juyo masa. Ga shi nan a hoto, lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, hannu biyu cikin keke, jiki a karkace. Duk wanda ya gani zai rantse jan sa ake yi.

“Gaisuwa ce!” in ji Manasseh. “Gaisuwa ce, Hilda! Ja na kuma? Ni da na yi asarar kusan minti guda a wurin!”

“Malam, ni na yarda da kai. Amma mutum shida aka cire yau, kowa da labarin shi. Ɗaya ma ya ce hanya yake tambaya.” Ta juya biro a hannu. “Kai ka koya mana, ko amsa ya yi daidai, in hanyan aiki bai fita ba, ba maki.”

Manasseh ya ji da ma bai koya musu ba.

Ta sassauta murya. “Sai dai abu ɗaya. In tsohon zai zo gaban kwamiti yanzu, ya faɗa da bakin shi cewa laifin shi ne, shi ya jawo maka, a rubuta ya sa hannu, wataƙila ciyaman ya duba.”

Bai kai ga amsa ba sai ga keken Nuruddeen yana kutsowa cikin jama'a. Aka sauko da Bappa da ƙyar, yana dogara sanda. Shekara biyu rabonsa da Jimeta. Ya hango Manasseh, ya washe baki kamar shi ya ci gudun.

“Ka gani? Ban tsayar da kai ba! Tun jiya nake neman dabara, sai Allah Ya kawo. An rubuta maka lokacin naka?”

Manasseh ya dubi teburin kwamiti, sa'annin jikokin Bappa ne zaune kowa da biro. Ya dubi agogonsa, wanda ba a sa wa firam. Haushi ya cika shi kamar ya fashe: haushin titin, da wanda ya zana shi, da hannunsa na dama, da Ephraim da zai ji labari kafin Litinin. Taku goma ne tsakanin tsohon da teburin.

Ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara.

“Na iso a kan lokaci, Bappa. Na gode.”

“Madalla.” Tsohon ya sake kama hannunsa, ya gyara tsayuwa a kan sanda. “Ɗazu rami ya katse mu, ban tambayi mutanen Ganye ba. Yaya damina a can?”

A bayansa Manasseh ya ji Hilda ta kira lamba ta gaba.

“Jam,” in ji shi.