Ranar da Manhajar Gwaji Ta Ɗauke Littafin Malam

Malam yana da ɗan hali: ko guba ce, in dai kyauta ce sai ya ɗanɗana. Haka ya saka wa kwamfutar gida manhajar kashe bairos da ake kan gwajinta. Tana gama bincike ta ce littafin tarihin rayuwarsa bairos ne, ta ɗauke shi.

Ya daki tebur har shayi ya fantsama. "Shekara shida ina rubutu! Wane ɗan iska ne ya ƙirƙiro wannan masifa? Wallahi sai mun je kotu!"

"Baban yara, zauna kafin jininka ya hau," in ji matarsa. "Killace shi ta yi, ga wurin dawo da shi nan."

Ta danna, littafin ya dawo. Shafi ɗaya da rabi ne.