Bugun Ƙarshe a Falon Tsawa

"Sufeto, ƙara sako wayar, ba ta kai ba!"

Nas ce ke ƙwala mini kira daga gidansu, ni kuwa ina tsaye a kan kujera ina zura wayar lantarki ta taga. Na zare keken ɗinkina daga soket don lasifikokin mijinta su sami wuta, saboda na gidansu ba ya ɗaukar nauyinsu. Shekara talatin ina mita a rage ƙara, yau ga ni da hannuna ina taimaka mata.

Mijin nata shi ne Tsawa, maƙwabcina, mai ganguna. Shi ya laƙaba mini Sufeto tun ranar da na kira masa 'yan sanda, suka zo suka zauna suka sha kiɗa har da tafi, suka bar ni da jin kunya. Matarsa tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, shi ya sa kowa ke ce mata Nas. Wata biyu ke nan da likita ya sallamo Tsawa gida, ya ce zuciyar ta gaji, a ba shi duk abin da ransa ke so. Shi kuwa bai nemi komai ba sai a tara masa Guduma.

Guduma sunan ƙungiyarsu ne. Kiɗan rok suke yi, irin mai sa kwanuka rawa a kan kanta. A zamaninsu babu zauren da ba su cika ba a garuruwan yankinmu, har faifai biyu suka fitar. Abin da ya raba su kuwa, in na faɗa sai a ce sharri nake musu. A irin kiɗansu, in waƙa ta zo ƙarshe kowa sakin ƙarfinsa yake yi, a yi ta rugugi, sannan mutum ɗaya ya yi bugu guda, a yi tsit. Tsawa ya ce wannan bugun na mai ganga ne tun fil azal. Siriri, mai jita, ya ce nasa ne tunda shi ke tsara waƙoƙin. Wata rana a gaban jama'a Tsawa ya buga, Siriri ya ƙara, Tsawa ya sake, Siriri ya sake, har minti ashirin. Zakara, mawaƙinsu, ya ajiye makirufo ya je ya sha shayi ya dawo, ya tarar ba su gama ba. Sai da masu zauren suka kashe wuta, daga nan kowa ya kama gabansa.

Sau biyu suka sake haɗuwa, a bikin 'yar Zakara da kuma taron tunawa da na huɗunsu da ya rasu. Duk biyun haka aka ƙare. Yanzu shekara tara ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa Tsawa da Siriri.

Da na zagayo, Nas ta ja ni gefe, ta danƙa mini mahaɗin wayar a hannu.

"Waƙa ɗaya zuciyarsa za ta iya ɗauka," ta ce. "In suka ja ta yadda suka saba, a kan gangar zai faɗi. In kuma suka rabu da faɗa, ke ma kin san babu sauran lokacin shiri. Zauna nan bakin ƙofa. Kina ganin an fara, ki zare."

An fitar da kujerun falon an jera ganguna a gurbinsu. Tsawa na zaune a bayansu, an tokare shi da matashi biyu, rigarsa ta yi masa yawa. Zakara ya riga ya iso, yana ta gyaran murya kamar mota mai ƙin tashi. Ana cikin haka sai ga Siriri da jita a kafaɗa, da tumbin da sai da ya karkace kafin ya wuce ta gabana. Dukansu kiɗa ya cinye musu kunne, don haka hirarsu ihu ce.

"Kai ne ka rame haka?" in ji Siriri.

"Me ka ce?"

"Na ce ka rame!"

"Kai kuma ka zama buhu! Jona wayarka, malam, ba ni da lokaci."

Siriri ya sunkuya yana jona jitar, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aikin ke bukata. Na ga ya goge ido da bayan hannu.

Tsawa ya haɗa sandunansa sau huɗu, falon ya ɗauka. Wallahi har cikin haƙorana na ji. Hannayen da ba sa iya riƙe kofin shayi sai ga su suna yawo a kan gangunan nan kamar ba su taɓa ciwo ba. Abin da ya fi ba ni haushi, sai na tsinci bakina yana bin waƙar baiti bayan baiti. Ashe duk shekarun nan ta bango na haddace ta ban sani ba. Nas tana tsaye tana rawa da kafaɗa, idonta a kan ƙirjin mijinta.

Aka zo ƙarshe, rugugi ya tashi. Na damƙe mahaɗin. Sai Siriri ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, ya kashe sautin, ya juya yana kallon Tsawa. Tsawa kuma ya ɗaga sanda a saman farantin tagullar da ake bugawa tare da gangunan, ya tsaya cak yana kallon Siriri. Babu abin da ake ji sai gunjin lasifika.

"Buga mana!" in ji Siriri.

"Kai buga, ai waƙarka ce!"

"Na ce naka ne, tsohon banza!"

"Don ka ga zan mutu? Ba na karɓar sadaka!"

"To mu kwana a nan!"

Zakara ya dafe kai. "Wayyo ni, an koma gidan jiya ta ƙofar baya. Nas, ɗora mini shayi."

Hannun Tsawa ya gaji a sama, amma taurin kai ya hana shi saukewa. Nas ta harare ni. Na zare wayar, lasifikar ta yi wani ɗif mai nauyi, falon ya yi tsit.

Tsawa ya dube ni, ya nuna ni da sandar. "Jama'a, kun ji? Sufeto ce ta yi bugun ƙarshe!"

Dariyar da aka yi ranar ban taɓa jin irinta a gidan nan ba. Siriri ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwar Tsawa, kafaɗunsa suna girgiza, Tsawa yana ɗan ƙwanƙwasa masa sanƙo da sanda. Ni ma na yi dariya har hawaye, kuma na ji daɗi a raina ƙwarai.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Kullum da safe Siriri zai zo, in jiyo su suna musu a kan wanda ya ɓata wace waƙa a wane gari. Ran na sha biyu da hantsi, Siriri yana yanke masa farce, Allah Ya karɓi abinsa. Nas ta ce yana cikin ba da labari ne ya yi shiru, da sauran murmushi a bakinsa. Allah Ya jiƙansa.

Bayan mutane sun ragu, na shiga mayar wa Nas da tiren da na ara. Na tarar da Siriri shi kaɗai a falo, zaune a kan 'yar kujerar ganguna da ta yi masa kaɗan. Yana goge farantin tagullar da gefen rigarsa a hankali, ya kama bakin farantin da yatsu biyu don kada ya yi ƙara.