Layi Ukun da Muhibba Ta Gano

Sati uku Nazeer ya yi yana farautar matsala guda. Kamfaninsu da ke Wuse yana haɗa na'urorin duba katin ma'aikata a ƙofar ofis, sai na'urorin suka tsiro da sandarewa, ba gargaɗi, sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Shi ne babban injiniya, kuma shi ya rubuta rabin kanel ɗin, wato zuciyar manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci.

Muhibba ko wata huɗu ba ta yi da kama aiki ba. Ranar Talata bayan azahar ta jawo kujera kusa da shi.

"Oga Nazeer, duba makuron nan. Sau biyu yake karanta adadin ayyukan da ke jira, kuma ba ya kulle shi. In wani aikin ya kutso tsakanin karatun farko da na biyu ya canza adadin, shi ke nan, kowa ya tsaya jiran kowa."

Makuron layi uku ne kacal na umarnin manhaja, gajeriyar hanyar da shi da kansa ya rubuta shekara biyar da suka wuce. Ya wuce ta kansu ya fi sau ashirin a makonnin nan.

"Zato ne," ya ce, ko kallonta bai yi ba. "Sai an gwada."

Ya ɗora gyaranta a kan na'ura shida, ya yi ta antaya musu aiki. Duk safiya in ya taso daga Lugbe, a cikin cunkoson titin filin jirgi, sai ya tsinci kansa yana fatan ya tarar ko ɗaya ta sandare. Ya yi istigfari, fatan ya sake dawowa. Kwana tara, duk shidan suna aiki lafiya lau.

A taron Litinin shugabarsu, Madam Naomi, ta tambayi wanda ya gano.

"Muhibba ce," in ji Nazeer. Maganar da ƙyar ta fito.

Aka tafa. Madam ta ce daga yau duk makuron da ke kanel sai Muhibba ta duba shi, har da nasa.

Ya koma teburinsa, ya ƙi fita cin abinci. Kafin la'asar ya zaƙulo wasu makuro biyu masu irin wannan lahani, duk rubutunsa. Ya daɗe yana tunanin ya gyara su shiru. Daga ƙarshe ya tura mata, ko gaisuwa babu.

Ta ɗago daga can gefe. "Na gode, Oga. Ai na ga ɗayan tun makon jiya."