Layi Ɗaya a Jadawalin Injiniya

…kuma ai ba shi ya ce Kawu ya buɗe murfin tukunyar ba. Shi Injiniya aikinsa jadawali ne — wannan lambar rajista zafin mai ce, waccan ƙarfin tururi, ta gaba zafin ruwan sanyaya inji. Ya haɗa kowace lamba da abin da na'ura ke aunawa, allo ya nuna, shi ke nan. Ina ruwansa da murfi?

Yana zaune a benci, ƙofar ofishin Manaja. Warin sabulu har cikin maƙogwaro.

Layi ɗaya tak… Littafin na'urar daga ɗaya yake fara ƙirga, akwatin sarrafa injina kuwa daga sifili. Abin da ya sani kamar sunansa. Duk sauran layukan ya rage musu ɗaya, wannan kaɗai ya tsallake. Sai allo ya rubuta zafin mai, alhali ruwan sanyaya yake karantawa. Sittin, kullum sittin, lafiya lau — mai kuwa na can ciki yana hauka, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba.

Ya gyara ai. Da safen nan, kafin masu shara su gama, sha uku ta koma sha biyu. Wa ya gani? Wa ma zai gane in ya gani, duk masana'antar nan?

Shekara talatin tsohon nan yana kai bayan hannu kusa da bututu, kamar mai duba zazzaɓin jariri… abin kunya. Shi ya hana shi, a gaban ma'aikata kuwa: "Kawu, zamanin shafe-shafe ya wuce, ku dubi allo." Aka yi ta dariya. Daɗi ya ji ranar, kuma har yanzu in ya tuna yana jin ɗan saura.

Ƙanin mahaifiyarsa ne, eh. Shi ya kamo hannunsa ya kawo shi ƙofar nan neman aiki, eh — to sai me? Don mutum ya kawo ka ƙofa sai ka mutu a bakinta? Tsoho ne. Hannuwan nan dama rawa suke yi, shayi ma zubar da shi yake… shekara nawa suka rage musu? Shi fa 'ya'ya uku gare shi, ga takardar shaidar aiki. In maganar layin nan ta fita, ko makunnin fitila ba mai barin ya sake taɓawa.

An buɗe ƙofa. Shi ake kira.

Ga Kawu a kujera, hannu biyu naɗe da bandeji har gwiwar hannu, an ajiye su a cinya kamar ba nasa ba. Manaja ya turo takarda: mai kula da tukunya ya amsa cewa sakacinsa ne, an sallame shi.

"Ba ya iya riƙe biro. Ya ce kai za ka sa masa hannu, kai ne ɗansa."

Injiniya yana karantawa, ido na gudu, yana neman — ranar Talata. Kawu tsaye bakin teburinsa, hula a hannu: "Ɗana, tukunyar nan ta fi abin da allonka ke faɗa zafi." Ko kai bai ɗaga ba, ya ce da shi ya je ya sayi tabarau. Ina take a takardar? Shafin farko babu… na biyu babu. Ko kalma ɗaya.

Kawu ƙasa yake kallo.

Kawu ya sani ke nan. Ya san wane ne, ya haɗiye, ya kuma zaɓi hannun da zai sa masa… Manaja na duba agogo. Injiniya na jiran kunya ta zo ta shaƙe shi, yana jira, yana jira — abin da ke hawowa ƙirjinsa sauƙi ne, sauƙi mai sanyi, ga biro ya riga ya sami wurin da ake sa suna…