Idon Osla

Dunƙulen ulu tara ne jere a bakin tagar da ke kallon arewa, Osla na tsaye a gabansu ta ƙanƙance ido. Haka ake zaɓen launi a tsibirin Fair Isle tun kaka da kakanni: a jera su a hasken rana, a bar su su kwana, da safe a duba ko sun yi zaman lafiya da juna. Launi biyu kacal ke shiga kowane layi na saƙa. In ɗaya ya ɓace cikin ɗaya, ado ya mutu, komai gwanintar hannu.

Saura mako shida jikarta Merran ta tafi birnin Aberdeen koyon aikin jinya, kuma ba wanda ya taɓa barin gidan nan babu suwaitar Osla a jikinsa. Sai dai yanar ido ta fara rufe mata gani. Shuɗi da kore sun zame mata 'yan uwan juna, ruwan toka ya bi sahu. Ba ta gaya wa kowa ba. Matar da aka shekara hamsin ana kawo wa ulu a kwando ana cewa ta duba, ita ce za ta buɗe baki ta ce ba ta gani? Tsoro ne fal cikinta, kada ta tura yarinya birni da riga mai kama da fate.

Wani abu kuma ya ɗaure mata kai. Ido ya gaza, amma hannu bai manta ba. Ulun nan mai kaushi da ta ajiye na uku jiya, yau da ta dawo daga ba kaji hatsi ta taras da shi na biyar. Gidan kuwa su biyu ne, daga ita sai mijinta Lowrie, tsohon masunci da ya sha rantsuwa cewa bai san bambancin ja da ruwan goro ba.

Da yamma ta ɗana tarko. Ta ɗauko wani ulu ruwan hoda mai ihu, ragowar hular jarirai, ta dasa shi kusa da ja. Washegari ta ɗauki kwanon hatsi, ta fita ta bugo ƙofa da ƙarfi, ta tsaya a bayanta ta ƙirga ashirin, sannan ta turo.

Ga Lowrie a bakin taga, ruwan hoda a hannu, ya riƙe shi nesa da jiki kamar ruɓaɓɓen kifi.

"Sannu da aiki, tsoho," in ji Osla.

"Faɗuwa ya yi, na ɗauka."

"Sama ya faɗa? Kai da ba ka san ja ba, me ya haɗa ka da tagata?"

Ya sosa ƙeya. "Shekara hamsin da ɗaya ina miƙa hannu kina naɗe zare, kina zagin zaɓin matan gari ɗaya bayan ɗaya. Ko turke ne ai ya koya. Zama da maɗaukin kanwa fa."

"Tun yaushe?"

"Tun sanyin bara."

Ta lissafa a zuci. Riguna uku ke nan, har da wadda maƙwabciyarta Baabie, abokiyar hamayyarta tun suna 'yan mata, ta juya ta sake juyawa ta rasa abin kushewa. Kunya ta kama ta, sai haushi, sai kuma dariyar da ta ƙi dannuwa. Ta zauna a kujera tana share ido.

"Ashe ka sani."

"Tun ran da kika zuba mini gishiri a shayi na sani. Ba zaɓi nake yi ba, Osla. Tunawa nake yi da yadda kike yi, in mayar da wanda ya ɓata hanya." Ya nuna giɓin da ke tsakiyar jerin. "Amma layin tsakiya ya fi ƙarfina. Kwana uku ina kallonsa."

Layi ɗaya ne tal a cibiyar ado, wanda ake ba launi mai haske don ya tayar da sauran. Ta sa ya faɗa mata abin da ke jere, daga hagu zuwa dama. Ta rufe ido tana saurare.

"Ɗauko rawayan nan da na rina da ɓawon albasa."

"Zai yi surutu."

"Yarinyar ma ai mai surutu ce. Ɗauko, mai kamun kifi, kada kanka ya kumbura."

Ranar tafiya, a tashar jirgin ruwa, Baabie ta kama gefen suwaitar a jikin Merran, ta juya cikinta ta duba zaren da ke ratsa baya, kamar yadda kowace masaƙiya ke yi kafin ta ce uffan.

"Idon nan naki ya ƙi tsufa, Osla. Wa zai sa rawaya a nan in ba ke ba?"

Osla ta zunguri Lowrie da gwiwar hannu.

"Launin ruwan ƙasan nan ma ya zauna daram," Baabie ta ƙara, ba da son ranta ba.

Lowrie ya rama zungurin, don shi ya mayar da wannan launin mazauninsa.

Merran ta rungume su. "Kaka, ku rage faɗa kafin in dawo." Jirgi ya ɗaga. Bai yi nisa ba ya narke wa Osla cikin ruwa da hazo, ta tsaya tana ɗaga wa duwatsu hannu. Lowrie ya dafa kafaɗarta, ya juya ta kaɗan zuwa dama.

"Me kake gani, tsoho?"

"Fuskarta ta ɓace. Rawayan nan naki dai har yanzu ana hango shi."

"Ai na gaya maka," in ji ta, ta ci gaba da ɗaga hannu.